Ɓatan Injirin Gidan Tubonimi

A garinmu Buguma, idan shugaban gida ya rasu ba a gaggawar binne shi. Ana ajiye gawarsa a Fatakwal har dangi su kimtsa, sa'an nan a buɗe adakokin zannuwa a ƙawata gadajen da za a kwantar da shi, gari duka ya zo ya ga abin da kakannin gidan suka tara. Haka aka yi wa waɗanda suka gabata, haka kuma aka ƙudurta yi wa Alabo, wato basarake, Tubonimi.

Ana saura 'yan kwanaki a kawo gawar, da hantsi, yayar marigayin, Gwaggo Ibiso, ta kwance mabuɗi daga ƙugunta ta buɗe babbar adaka a gaban matan gida. Ta yi ta ɗaga zane bayan zane har yatsunta suka taɓa katako. Injirin Kaka ba ya nan.

Wannan zane Tubonimi na farko ne ya karɓe shi daga hannun kyaftin ɗin wani jirgin manja. Saƙar hannu ce ta Indiya, ja da baƙi da ratsin fari. A wurinmu irin wannan zanen Indiya, wato injiri, baƙo ne, ba ya zama ɗan gari sai mata sun ɗaga zarensa da allura, sun yanke da reza, sun zare, sabon ado ya bayyana a jikinsa. Shi ne abin da muke kira pelete bite. Injirin Kaka kaɗai aka bari yadda ya sauko daga jirgi, kuma shi ake shimfiɗawa a saman gadon farko na kowane shugaban gidan.

Kafin rana ta take, labari ya kai bakin ruwa. Fubara, babban ɗan marigayin, ya shigo ya duba kwaɗon adakar, ya ga ba a ɓalle shi ba.

Ya ce, "Gwaggo, mabuɗi ɗaya ne, kuma a jikinki yake kwana. Ban ce kin yi komai ba, amma gari ya ce. Kawo in riƙe miki. Idan aka harba igwar tarbar gawa ranar Juma'a babu zanen nan, a gaban jama'a zan miƙa shi ga wata."

Sau ɗaya aka taɓa karɓe mabuɗi daga hannun mace a unguwar, a zamanin kakan Fubara. Matar ta koma sansanin masunta saboda kunya, kuma can ta mutu, ba wanda ya ƙara kiran sunanta a taro. Gwaggo Ibiso ta san wannan sarai. Ta miƙa mabuɗin, ta aika a kira mata Karibi.

*

Karibi dattijo ne mai bin sawu. Kwalekwalen da aka sace, ragar da aka yanke, akuyar da ta bi dare, duk shi ake kira, har daga Abonnema da Bakana. Ya san darajar kansa, bai kuma taɓa ɓoye hakan ba. Ya zo da baƙar malafarsa da sandarsa mai kan azurfa, ya zauna kafin a ba shi kujera.

Gwaggo Ibiso ta ce, "Karibi, tun kana yawo tsirara kana kamun ƙaguwa na san ka. Dube ni da kyau. Na yi kama da mai sayar da kakanta?"

"Gwaggo, ni ƙasa nake kallo, ba fuska ba. Yaushe rabonki da ganinsa?"

"Tun farkon makoki, ranar da muka shanya zannuwa a tsakar gida. Hadari ya taso, muka kwashe a gurguje. Na rufe adaka ban bi su ɗaya ɗaya ba."

"Su wa suka naɗe?"

"Matan gida, da Daba, da Ngowari."

Daba maƙwabciya ce, gwanar yankan zane, sun daɗe ba sa ga maciji da Gwaggo. Ngowari kuwa 'yar marigayin ce, amma ta ƙaramin aure. A al'adarmu 'ya'yan ƙaramin aure na gidan uwarsu ne, ba su da gado a gidan uba. An kira ta ne domin babu wadda ta kai ta iya naɗe zane ya fito kamar kifi ko fure a kan gado.

"Wa kike zargi?"

"Daba mana! Shekara nawa tana cewa zanen nan asara ne a hannunmu."

Fubara, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Baba Karibi, kada a ɓata maka lokaci. Je ka bayan gida ka ga sawun takalmi. Kowa ya san mai takalmi a gidan nan."

*

Sawun yana nan kuwa, daga ƙofar baya zuwa inda ake ɗaure kwalekwale, kuma sabo ne. Karibi ya kori masu kallo da sandarsa, ya bi shi a hankali. Diddigen ya nutse ƙwarai. Takun ya karkata hagu, ya karkata dama, kuma a wuri biyu an ajiye wani abu mai faɗin gindi an huta, ya bar da'ira a cikin laka.

Mai takalmin shi ne Dagogo, ɗan ƙanen marigayin, wanda ke aiki a Fatakwal. Shi ne ya taɓa kawo wata Baturiya ta ɗauki hotunan zannuwan gidan har ta tambayi ko ana sayarwa, gari bai manta ba. Karibi ya same shi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro yana riƙe da kai.

"Ɗan birni, me ka ɗauka daga gidan baffanka?"

"Ni? Baba, iska kawai na fita sha."

"Iskar da ke nutsa diddige, tana kaɗa mutum hagu da dama, har sai an dire ta an huta? Kai, ko jaki ya fi ka iya ƙarya."

Dagogo ya dubi hagu da dama, ya rage murya. "Baba, don girman Allah kada Fubara ya ji. Tulun giya ɗaya ne daga na baƙi. Abokaina sun zo daga Tombia, ba zan tarbe su da ruwa ba."

"Zanen fa?"

"In na taɓa shi, kogin nan ya ci ni! Baturiyar nan ma Gwaggo da tsintsiya ta raka ta."

Karibi ya yarda da shi, ba don rantsuwar ba. Zane ba ya da nauyin da zai yi wannan sawu, kuma ya riga ya fahimci cewa zanen ya bar gidan tun ranar shanya, ruwa ya ciko ya janye sau ba adadi a kan sawun wanda ya ɗauke shi. Ya ce wa Dagogo ya je ya wanke bakinsa, warin ya isa ya kashe sauro.

*

Ya sami Daba a ƙofar gidanta, a fili, zane a kan cinya. Gutsattsarin farin zare ya rufe ƙasa kewaye da ita kamar an fige kaza. Haka ƙofar kowace mai yanka take, domin aikin na son haske, kuma da yamma a share a zuba a ruwa.

Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ibiso ce ta turo ka? Shiga ka duba har ƙarƙashin tukunya. In ka ga ɓera ka kama mini."

"An ce kin daɗe kina sha'awar zanen."

"Sha'awa? Ina jin haushinsa dai. Zane irin wannan, a bar shi kamar wanda aka saya jiya a kasuwa! Na faɗa mata a gaban idonta, ba a bayanta ba. Amma in sata? Ni da adakokina sun fi nata cika? Kuma in kai shi ina? Duk wanda ya ga ratsin nan daga nan har Bonny ya san na wane gida ne."

Karibi ya juya sandarsa. Gaskiya ta faɗa. Zanen da kowa ya sani ba ya sayuwa a ƙasarmu, ba ya kuma ɗauruwa a ƙugu.

"To, wa zai ɗauki abin da ba zai iya sayarwa ko ɗaurawa ba?"

"Kai ake biya ka sani. Je ka tambayi Ngowari, ita ta naɗe na ƙarshe. In ka gan ta ke nan. Tun da ubanta ya rasu ba ta fito ƙofa da allura ba. Yarinyar da ko zazzaɓi ba ya hana ta yanka! Ba don ina son ta ba, amma hannunta ya kusa kamo nawa."

"Ya kusa?"

"Na ce ya kusa. Kada ka ƙara mini gishiri."

*

Gidan uwar Ngowari yana can ƙarshen unguwa, bayansa a kan ruwa. Ƙofar a share take tas, ko zare ɗaya babu. Karibi ya tsaya ya daɗe yana kallon wannan tsabta kafin ya yi sallama.

Ngowari ta fito ta jawo ƙofa a bayanta. Mace ce doguwa mai shekara talatin da ɗoriya, idanunta sun yi ja. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo masa kujera a waje.

"'Yata, an ce kin ajiye allura."

"Ina makoki, Baba."

"Ranar shanya, kin ga Injirin Kaka?"

"Kowa ya gan shi."

"Kin kai naki zanen don gadon mahaifinki?"

Ta ce, "Na kai guda biyu, aikin hannuna. Yaya Fubara ya maido mini da su. Ya ce gadon na 'yan gida ne."

"Kin ji an karɓe mabuɗin Gwaggonki?"

Ta sunkuyar da kai. "Na ji."

Tana magana tana murza babban yatsanta da manuniya. Karibi ya lura fatar wurin ta yi santsi ta kumbura, kamar ta wadda ta wuni riƙe da allura. Yatsa ba hujja ba ce a gaban dattawa. Ya yi mata ta'aziyya ya tashi.

Da ruwa ya ciko, ya ari ƙaramin kwalekwale ya zagaya ta bayan gidajen, kamar mai duba tarkon kifi. A bayan ɗakin Ngowari an cire murfin taga gaba ɗaya an jingine shi, alhali damina ce. Wanda ke cikin ɗakin yana neman haske, kuma ba ya son neman sa a ƙofa. Karibi ya duba ruwan da ke ƙasan tagar, ya duba turakun da ke riƙe da ɗakin, bai ga gutsuren komai ba. Har ya ɗaga filafili zai juya, sai idonsa ya kai kusurwar tagar, inda gizo-gizo ya yi saƙa. 'Yan zaruruwa gajeru sun maƙale a ciki. Ya miƙa sandarsa ya ɗauko su, ya duba, ya kai hanci. Ya naɗe su a ganye ya sa cikin malafa.

*

Washegari da safe ya sa aka tara su a zauren gidan Tubonimi, a gaban dattawan gida: Fubara, Gwaggo Ibiso, Dagogo, Daba da Ngowari. Karibi ya tsaya a tsakiya, domin ba ya bayani a zaune.

Ya ce, "Iyayena da 'yan'uwana, lokacin da aka sace kwalekwalen tsere na gidan nan, mahaifina ne ya samo shi, kuma a zauren nan ya faɗi sunan wanda ya ɗauka. A nan ni ma zan faɗi tawa. Dagogo bai ɗauki zane ba. Abin da ya ɗauka tsakaninsa ne da Fubara, kuma ya riga ya shanye shaidar."

Aka yi dariya, ban da Fubara. Dagogo ya dubi takalmansa.

"Daba ba ta ɗauka ba. Wadda ke zagin abu da rana tsaka ba ta buƙatar ɓoye shi. Gwaggo Ibiso kuwa ba ta sayar ba, domin zanen bai bar garin nan ba."

Ya cire malafarsa ya kife ta, ya jera zaruruwan a kan baƙin samanta, ya miƙa wa Daba. "Ke ce gwana. Wane kanti ke sayar da wannan?"

Daba ta kai su kusa da ido, ta murza ɗaya. Fuskarta ta canza. "Babu. Kaɗin hannu ne, wani wuri kauri wani wuri siriri. Farin ma ya koma ruwan hauren giwa. Wannan ya girmi uwata." Sai ta dafe ƙirji. "Yankan reza ne! An sa masa reza!"

Gwaggo Ibiso ta fizge malafar ta shaƙa. "Kafur ɗin adakata ne."

Zaure ya rikice. Karibi ya buga sandarsa a ƙasa har aka yi shiru.

"Da baƙo ne ya ɗauki zanen nan, da ya naɗe shi ya haye da shi, ni ma da ban same shi ba. Amma 'yar Kalabari ce ta ɗauka, kuma mai allura. Duk mai yanka a garin nan ƙofarta fari fat take da zare. Ƙofa ɗaya na gani a share, mai ita kuwa yatsanta a kumbure. A tagarta ta baya na samo waɗannan. Ngowari, ki faɗa da bakinki, ya fi daraja."

Ngowari ta miƙe. Ba ta yi kuka ba. Ta ce a ba ta izini ta je ta dawo. Fubara ya ce a haɗa ta da mutum, Karibi ya ce babu buƙata. Ba a jima ba ta dawo da ƙunshi a kai, da ƙaramin kwano mai murfi a hannu. Ta durƙusa ta ajiye su a gaban Gwaggo Ibiso.

Ta ce, "Ranar shanya na sa shi cikin zanena. Da aka haife ni, mahaifina da kansa ya aiko wa uwata injirin goyo, bai taɓa cewa ni ba 'yarsa ba ce. Kun kira ni in naɗe zanen kowa, nawa kuka maido mini. Sai na ce zan sa hannuna a kan wanda ba za ku iya maidowa ba. Na so in gama in mai da shi kafin a buɗe adaka, zaren ya ƙi sauri."

Fubara ya yi tsalle. "Kun ji! Ta lalata gadon kakanni! A kai ta gaban hukuma!"

Gwaggo Ibiso ta ce, "Zauna, yaro. Ban ga abin da aka lalata ba tukuna."

Ta sa aka warware zanen, mata biyu suka riƙe shi wajen hasken ƙofa. Fiye da rabinsa an yanke. Inda farin ratsin yake a da, yanzu ƙashin kifi ne ke bin igiyar ruwa, jere bayan jere, haske na ratsa su, jan ya ƙara duhu kamar manja mai kyau. Duk tsufan zaren, babu wuri ɗaya da reza ta zame. Daba ta matso, ta bi layi ɗaya da farce daga farko har ƙarshe tana neman kuskure, sa'an nan ta koma wurinta ba ta ce komai ba. Waɗanda suka san Daba sun san ma'anar wannan shiru.

Gwaggo Ibiso ta nuna kwanon. "Wannan fa?"

Ngowari ta buɗe. Cike yake da gutsattsarin zare. "Na kakanni ne, Gwaggo. Ban iya zuba shi a ruwa ba. Waɗanda Baba ya samu iska ce ta ƙwace mini."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon kwanon. Da ta buɗe baki, muryarta ba ta yi laushi ba.

"Zanen, kakanni za su yi miki hukuncinsa, za ki kai musu akuya da giya a ɗakinsu kamar yadda aka saba. Nawa laifin daban. Kin ji an kira ni ɓarauniya, kin ji an kwance mabuɗi daga ƙuguna, kika rufe ƙofa kika ci gaba da yanka. Wannan ba zan yafe shi yau ba, wataƙila ba bana ba."

Sai a lokacin hawaye suka zubo wa Ngowari.

"Share fuskarki, kada ki ɗiga masa. Tun da aka kafa gidan nan ba a taɓa shimfiɗa wa shugaba rabin aiki ba, ba kuma za a fara a kan ƙanena ba. Za ki gama shi kafin Juma'a, a tsakar gidan nan, a fili, kowa na kallo."

Fubara ya ce, "Gwaggo, ai ba ke ce mai yanke wannan ba."

Wani dattijo daga cikin mazauna zauren ya gyara murya ya ce, "Abin da ke cikin adaka, mai mabuɗi ke yanke hukuncinsa. Haka muka tarar. Mabuɗin yana hannun wa?"

Duk ido ya koma kan Fubara. Ya sa hannu a aljihu ya ciro, ya miƙa mata daga tsaye. Ba ta karɓa ba.

"A gaban mutane ka karɓa, kana tsaye. A gaban mutane za ka maido, amma ba a tsaye ba."

Fubara ya dubi dattawa, babu wanda ya cece shi. Ya kai gwiwa ƙasa, ya ɗaura mata mabuɗin a ƙugu da hannunsa.

*

Kwanakin da suka rage, duk wanda ya bi ta ƙofar gidan Tubonimi ya ga abin da ba a saba gani ba. Ngowari na zaune a tsakar gida da allura da reza. Gwaggo Ibiso na gefe a kan kujerarta, ba ta yi mata magana sai dai ta ce, "A hankali," ko "Kin yi kusa da baki." Daba kuwa, wadda ba wanda ya gayyata, ta kawo kujerarta ta riƙe ɗaya gefen zanen, tana cewa ta zo ne kawai don kada a ɓata kusurwa.

Ranar Juma'a aka harba igwa, gawa ta iso. Mutanen Abonnema da na Bakana suka yi layi suna shiga ɗakin gadon farko, suna fitowa suna tambayar hannun wa ne. Fubara ne ke tsaye a ƙofar, dole shi ke amsawa. Da farko yana cewa, "Wata ce daga cikin dangi." Da tambayar ta yi yawa, Karibi ya ji shi da kunnensa yana ce wa wani Alabo daga Bakana, "Ƙanwata ce."

Bayan an gama biki, Gwaggo Ibiso ta mai da zannuwa cikin adaka, wannan karon ɗaya bayan ɗaya, tana kiran sunan kowanne. Ta ɗora Injirin Kaka a sama, ta ajiye kwanon zaren a gefensa, ta rufe, ta murza mabuɗinta.